Layin Gida A Ƙasar Waje: Inda Kuɗin Alhaji Ke Zurarewa

Kowace shekara idan watan Zulƙida ya kama, jirage suka fara kwasar maniyyatan Jihar Bauci daga filin jirgin sama na Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, akwai wata hidima da kan taso wa mutanen Arewa mazauna Kurmi, wadda ba a lissafa ta cikin kuɗin kujera. Hidimar nan kuwa ita ce ta sa wa tsoho ko tsohuwa kati a waya. Ɗan Gamawa, ko Udubo, ko Gololo, da ke neman abincinsa a mayankar Oko-Oba ta Agege, ko a kasuwar Mile 12, ko a Sabon Badun da Sabon Shagamu, yakan yi shekaru yana tari har ya biya wa mahaifiyarsa kujerar Makka. A 2025 kuɗin kujera ya haura Naira miliyan 8. To, bayan wannan ɗawainiya sai ya ga ai katin waya ba wani abu ba ne, ya tura na Naira 10,000 ran da jirgi ya tashi. Kwana biyu sai ga saƙo ta hannun wata maƙwabciyar ɗaki cewa katin Inna ya ƙare. Ya sāke turawa, ya sāke ƙarewa. Ita kuwa baiwar Allah tana rantsuwa ba ta kira kowa ba.

Gaskiya ta faɗa, ba ta kira kowa ba. Ba kuma sata aka yi mata ba. Abin da ya faru shi ne layinta na Nijeriya ya zama baƙo a ƙasar mutane, abin da kamfanonin waya ke kira romin, baƙuncin layi kuwa yana da tsadar da mutane da yawa ba su sani ba sai sun ɗanɗana.

DAGA WASIƘA ZUWA WAYAR ALJIHU

Dattawan ƙasar Katagum sun san lokacin da wannan magana ba ta taso ba sam. Mutumin da ya bar Gamawa ko Azare zuwa Makka ta ƙasa, ya bi ta Maiduguri da Fort Lamy, wadda yanzu ake kira Njamena, ya ratsa Darfur zuwa Hartum har bakin Bahar Maliya, iyalinsa sukan yi shekaru ba su ji ɗuriyarsa ba, sai fa in wani mai komowa ya zo da wasiƙa cikin ajami. Da aka koma jirgin sama, sai aka shiga aiko kaset. Mazauna Ikko na wancan zamani kuma ba su manta da dogon benen NET na Marina ba, wanda ya yi gobara a watan Janairu na 1983, kamfanin da a ofisoshinsa mutum kan je ya ba da lamba, ya zauna yana jira a haɗa shi da ƙasar waje. A 1985 aka kafa NITEL, amma har zuwa 2001 layukan tarho na ƙasar nan duka ba su kai rabin miliyan ba.

A watan Agusta na 2001 ne Econet da MTN suka fara aikin wayar hannu, Glo ya biyo baya a 2003, Etisalat a 2008. Yau a Ƙaramar Hukumar Gamawa, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum fiye da 280,000, da wuya a sami gidan da babu waya ko da ƙarama ce mai tocila. Sauƙin nan ya sa mutane suka saba da wata ƙa'ida guda: wanda ya kira shi ke biya, wanda ya amsa ba ruwansa. Haka abin yake daga Gamawa har Fatakwal. Amma da zarar an ƙetare iyaka, ƙa'idar nan ta faɗi.

LAYI A GIDAN FATOMA

Duk wanda ya taɓa kawo shanu Kurmi, ko ya zo sarin goro, ya san yadda ake sauka gidan fatoma. Baƙo ba shi da rumfa a garin, ba shi da ɗaki, sai maigida ya saukar da shi, ya ba shi wurin kwana, ya haɗa shi da masu saye, a ƙarshe kuma a fitar da la'ada. To, haka layin waya yake. Kamfanin Nijeriya ba shi da ƙarfen sabis ko ɗaya a Makka ko Madina. Idan alhaji ya sauka Jidda ya kunna wayarsa, sai ta nemi ɗaya daga cikin manyan kamfanonin Saudiyya, watau stc, ko Mobily, ko Zain, ta sauka a gidansa. Mai masaukin nan yana rubuta duk abin da baƙon ya ci, minti nawa ya yi magana, saƙo nawa ya aika, data nawa ya sha, sa'an nan ya aika wa kamfanin gida da lissafi. Shi kuma kamfanin gida ya ɗora tasa ribar, ya zare daga katin alhaji.

Wani abin lura shi ne, ba da Naira ake biyan wannan lissafi tsakanin kamfani da kamfani ba, da kuɗin waje ne. Riyal na Saudiyya a ɗaure yake da Dalar Amurka tun 1986, Riyal 3.75 a Dala ɗaya, ba ya motsi. Naira ce ke motsi. Kafin Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin canji a watan Yuni na 2023, Dala tana wajen Naira 460 a hukumance. A cikin 2024 ta wuce Naira 1,500. Saboda haka wanda ya je Hajji a 2019 ya dawo yana cewa ai shi da layinsa na gida ya yi ta waya bai ji komai ba, labarin wani zamani yake bayarwa, kada a yi lissafi da shi.

MAI KIRA BAI SAN YANA CUTA BA

A nan ne fa babbar ɓarakar take. Idan mutum a Gamawa ya buga lambar Inna ta Nijeriya, shi kuɗin kiran gida kawai ake cire masa, kamar tana nan cikin ɗakinta. Kiran zai je kamfanin gida, kamfanin ya duba ya ga layin yana Saudiyya, sai ya tura shi can. Wannan tafiya ta biyu, daga Nijeriya zuwa Makka, a wuyan mai amsawa take, sai dai in akwai wani rangwame na musamman da aka shiga. Mai kira yana ganin zumunci yake yi, ya gaishe ta, ya tambayi zafin rana, ya miƙa wa matarsa, ta miƙa wa yara ɗaya bayan ɗaya, kowa yana “Hajiya a sa mu a addu'a”, alhali kowane minti daga katin da aka turo daga Agege yake fita.

A yi lissafi mai sauƙi. Tsohuwa mai 'ya'ya da jikoki da surukai da maƙwabta, a ce mutum 12 ne suka kira ta a yini, kowa ya yi minti 5. Awa guda ke nan. Alhazan Nijeriya sukan yi wata guda ko fiye a ƙasa mai tsarki, a ce kwana 35, minti 2,100 ke nan. Ko da a ce Naira 100 kacal ake cirewa a minti, don misali kawai, an tashi da Naira 210,000 a kan gaisuwa. Kuɗin guzurin da Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta ba kowane alhaji a 2025 Dala 500 ne, watau Riyal 1,875, wanda da shi ne za a yi ƙananan bukatu da tsarabar gida. Mai karatu ya auna da kansa.

Sai kuma ɗabi'ar nan ta filashin, wadda a gida ma ba ta da kyan gani ga babba. Yaro ya yi wa alhaji filashin daga Azare, shi kuma alhaji hankalinsa ya tashi, yana tsammanin ko wani abu ya faru a gida, ya bi kira. Kira daga ƙasar waje zuwa gida da layin da ke baƙunci yana cikin mafi tsadar kira da ake da shi. Ƙarshenta abin da yaron zai ce shi ne a taho masa da agogo.

Akwai wata ƙofa kuma da ba a cika lura da ita ba, ita ce ta karkatar da kira zuwa akwatin ajiye saƙon murya idan ba a ɗauka ba. A wasu kamfanoni kiran yakan je ƙasar waje, a rasa mai ɗauka, ya juyo gida, a caji mai layi kuɗin zuwa da na dawowa, shi kuwa yana cikin ɗawafi bai san ana yi ba. Maganin wannan ɗan ƙarami ne: tun ana gida a danna ##002# a buga, yana soke duk wata karkatar da kira da ke kan layin.

WAYAR DA KE CI ALHALI MAI ITA NA BARCI

Wancan duka ga mai ƙaramar waya ke nan. Mai babbar waya ta shafa, tasa matsalar ta fi, domin irin wannan waya ba ta zama shiru. Ko tana cikin jaka tana aiki, tana sabunta manhajojinta, tana ɗauko hotuna da bidiyon da aka zuba a zaurukan WhatsApp, na dangi, na 'yan unguwa, na ƙungiyar 'yan kasuwa, na tsofaffin ɗalibai. Wa'azin rabin awa da wani ya tura, da bidiyon bikin da aka yi a Bulkacuwa, duk sai ta kwaso. A gida ba a ji, domin an sayi data ta wata a dunƙule. Amma datar da aka saya a Nijeriya yawanci ba ta aiki a waje. Da an sauka sai kamfani ya koma cira daga kati kai tsaye, megabait bayan megabait, a farashin baƙunci. Abin da zai ishi mutum kiran mako guda yana iya tafiya kafin a gama duba fasfo a filin jirgin Madina.

Yawancin mutanen ƙasar nan kati suke sawa kafin su yi waya, saboda haka ɓarnar takan tsaya iyakar abin da ke cikin layin. Sai dai mutane biyu ba su da wannan kariya. Na farko shi ne wanda ya ɗaure layinsa da asusun banki yadda kati na ƙarewa za a zuba wani. Na biyu shi ne mai layin da ake kawo wa takardar biya a ƙarshen wata, irin na manyan 'yan kasuwa da ma'aikatan kamfanoni. Waɗannan sai sun dawo gida suke ganin aika-aikar. Haka kuma mai yawan aron kati daga kamfani, duk abin da aka tura masa bashi ne zai fara cinyewa.

A cikin saitin kowace babbar waya, wajen da ya shafi layi da sabis, akwai wani maɓalli na data romin. A kashe shi tun kafin a hau jirgi. Kashe shi ba ya hana kira ko saƙon tes shigowa, hanyar intanet ta layin gida kaɗai yake toshewa. A shiga WhatsApp kuma a hana shi ɗauko hoto da bidiyo da kansa. Aikin minti biyu ne, amma ba aikin da za a bar wa dattijo ɗan shekara saba'in ya yi a cikin hayaniyar sansanin alhazai ba ne. Wanda ke Ikko ya sa ƙanensa da ke gida ya yi, ya kuma tabbatar an yi.

IN KA JE GARI KA GA KOWA DA JELA

Ga wanda zai yi wata guda a Saudiyya, babu dabarar da ta kai sayen layin ƙasar. Ana sayar da su a filayen jirgin Jidda da Madina, da kantunan kamfanonin a kewayen masallatan Harami biyu, kuma kamfanonin suna da tsari na musamman don baƙi, mai haɗe da data da mintocin kira na 'yan makonni. Ana bukatar fasfo, ana kuma ɗaukar hoton yatsa, domin tun 2016 hukumomin ƙasar suka wajabta haka. Don haka layin da wani zai tare mutum da shi a bakin titi, ya ce an riga an yi masa rajista, a bar masa abinsa. Da sunan wani aka yi shi, ana iya rufe shi kowane lokaci, in kuma an taɓa aikata wani laifi da shi, wanda aka samu da shi a hannu shi zai yi bayani, cikin harshen da ba ya ji.

Da layin Saudiyya, ƙa'idar gida ta dawo: amsa kira kyauta ne. Wanda ya matsu ya ji muryar Hajiya sai ya sa +966 a gaban lambar, ya biya kuɗin kiran ƙasar waje daga aljihunsa. Abin mamaki, da an yi haka sai a ga masu gaisuwar nan goma sha biyu sun koma biyu, su ma a taƙaice. Kamfanonin Nijeriya suna sayar da mintocin kiran ƙasashen waje a dunƙule, wanda ya fi sauƙi a kan kira kai tsaye, sai mai niyyar kira ya duba ko Saudiyya na cikin jerin ƙasashen kafin ya saya, don ba kowane tsari ne ya haɗa da ita ba.

Abin da ke hana mutane da yawa canja layi shi ne tsoron kada WhatsApp ɗinsu ya ɓace. Ba ya ɓacewa. Manhajar tana ci gaba da aiki da lambar Nijeriya ko an cire layin an sa wani, muddin ba a goge ta ba, ba a kuma shiga wajen canja lamba an canja ba. In ta tambaya ko a koma sabuwar lamba, sai a ce a'a. Dangi za su ci gaba da samun mutum a lambar da suka sani, data kuwa ta layin Saudiyya ce ke tafiya, a farashin 'yan gari.

Saƙon murya shi ne abokin tafiyar alhaji. Ba ya cin data sosai, ba ya bukatar karatu ko rubutu, yana jira har a fito daga masallaci, kuma yana ratsawa ko sabis ya yi rauni. Kiran murya ta intanet bai cika wuce megabait ɗaya a minti ba, na bidiyo kuwa ya ninka haka sau da yawa. Sai dai a sani ba kowace ƙasa ce ta bar kiran WhatsApp ya yi aiki ba. Saudiyya ta ɗage takunkumi a kan manhajojin kira da dama a watan Satumba na 2017, amma kiran WhatsApp ya yi shekaru yana gardama a can bayan haka. A Dubai da sauran Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa an toshe shi, sai irin su Botim da hukuma ta amince da su. A ƙasar Sin kuwa, inda 'yan kasuwa ke zuwa Guangzhou sarin kaya, WhatsApp ɗin ɗungurungum a toshe yake tun 2017, WeChat ake yi. A can ma baƙuncin layi yana da wata fa'ida, domin datar layin baƙo takan bi ta ƙasarsa ta asali, sai ta tsallake shingen.

Wata fa'idar layin gari ita ce manhajar Nusuk, wadda ta cikinta ake neman izinin shiga Rauda a Masallacin Annabi. Alhajin da ya kashe data gaba ɗaya don tsoron caji, ba shi kuma da layin ƙasar, sai ya koma bara wajen abokan ɗaki.

KADA A JEFAR DA LAYIN GIDA

Ba a ce a bar layin Nijeriya a Gamawa cikin ƙwarya ba. Yana da amfani guda babba: ta cikinsa banki ke aiko da lambar sirri ta tabbatar da ciniki, da sanarwar shigar kuɗi da fitarsu. Karɓar saƙon tes a ƙasar waje galibi kyauta ne. Tunda yawancin wayoyin da ke hannun jama'a masu layi biyu ne, sai a bar na gida a rami ɗaya, datarsa a kashe, a sa na Saudiyya a ɗaya ramin, a gaya wa wayar cewa kira da data duk ta sabon za su bi. Idan kira ya shigo ta layin gida, a duba lambar, a ƙyale shi ya katse, a mayar da amsa ta saƙon murya. Wasu layukan sai an buɗe musu izinin aiki a waje, saboda haka a tambayi kamfani tun ana gida, a kuma tabbatar layin yana haɗe da lambar NIN, kada a rufe shi mutum yana wata ƙasa. Lambobin nan na tura kuɗi da ake dannawa da tauraro ba kullum suke aiki a waje ba, kada a dogara da su.

Kamfanonin Nijeriya sukan fito da tsarin rangwame na baƙunci, musamman lokacin Hajji, wani na data, wani na kira, wani ma har da amsa kira kyauta in an cika wasu sharuɗɗa. Ga mai tafiyar kwana uku ko huɗu, wannan ya fi masa sauƙi a kan bin layin sayen sabon sim. Amma a karanta sharuɗɗan da kyau. Sau da yawa rangwamen yana aiki ne a kan kamfani ɗaya tak na ƙasar da aka je. In waya ta zaɓi wani da kanta, an koma farashin asali ba tare da sanarwa ba. Sai an shiga saiti an zaɓi kamfanin da hannu. A kuma san ranar da tsarin zai ƙare, domin ba ya sallama in zai tafi.

Masu sababbin wayoyi masu tsada suna da wata hanya, ta layin da ba a sa shi da hannu, wanda ake kira e-sim. Ana sayensa ta intanet tun ana gida, a sauke shi cikin waya, a sauka a tarar da data tana jira. Yawancinsu data kaɗai suke bayarwa, babu lambar kira, kuma da katin banki mai biyan kuɗin waje ake saye. Ya dace da ɗan kasuwa mai ratsa ƙasashe biyu ko uku a tafiya ɗaya. Ga tsohuwar da ta fito daga Gololo ba shi ne ba. Wi-Fi na masauki shi ma kyauta ne, ana iya jira a koma ɗaki a aika da hotuna, sai dai gara kada a buɗe manhajar banki a kan wanda kowa ke shiga.

SEME, IDIROKO DA BAKIN IYAKAR NIJAR

Ba sai an hau jirgi ake faɗawa wannan rami ba. Mazauna Ikko da ke zirga-zirga zuwa Kwatano, da Lome, da Ankara da Kumasi, sun fi alhazai yawan ƙetare iyaka. Ƙarfen sabis kuwa bai san shingen kwastan ba. Mutum yana tsaye a Seme ko Idiroko, ƙafarsa a Nijeriya, wayarsa ta kama sabis na Jamhuriyar Benin, a shiga yi masa lissafin baƙo. Haka yake faruwa a Illela da ke fuskantar Birnin Ƙonni, da Jibiya ta hanyar Maraɗi, da Maigatari, kasuwar da dillalan dabbobi na ƙasar Katagum suka sani sarai. Duk wanda ya kusanci iyaka ya dubi sunan kamfanin da ke saman wayarsa. In ya ga baƙon suna, ko harafin R kusa da sandunan sabis, ya shiga saiti ya zaɓi kamfaninsa da hannu.

An daɗe ana ƙoƙarin rage wannan tsada a Afirka, har ma nahiyar ta riga Turai. A 2006 kamfanin Celtel ya fito da tsarin One Network a Kenya da Tanzaniya da Yuganda, inda mutum ke ƙetare iyaka yana amsa kira kyauta, a ƙarshen 2007 kuma ya faɗaɗa shi zuwa Nijeriya da Nijar da Cadi da wasu ƙasashe. Celtel ɗin nan shi ya zama Zain a 2008, ya zama Airtel a 2010. Tarayyar Turai ba ta soke kuɗin baƙunci tsakanin ƙasashenta ba sai ranar 15 ga Yuni, 2017. A watan Disamba na wannan shekarar ita ma ƙungiyar ECOWAS ta zartar da ƙa'idar cewa ɗan ƙasashenta ya amsa kira kyauta har kwana 30 in ya je wata ƙasar ƙungiyar, ya kuma yi kira a farashin 'yan gari. Magana mai daɗi a takarda. Amma aiwatarwa ta zo da jan ƙafa, ƙasa da ƙasa ake yi, biyu-biyu. Gana da Kwaddebuwa ne suka fara a 2023, Benin da Togo da Gana suka fara aiki da nasu a 2024. Nijar da Mali da Burkina Faso kuwa sun fice daga ƙungiyar a watan Janairu na 2025, sun yi tasu yarjejeniyar tsakaninsu. Saboda haka kada direban da zai ɗauki kaya zuwa Lome ko Damagaram ya ce ai an ce an soke. Ya tambayi kamfaninsa farashin ƙasar da za shi, na kira, da na amsawa, da na data, kowanne daban. Wanda ke zuwa Kwatano duk mako kuwa, ya yanki layin can da takardunsa ya ajiye a aljihu, ya huta.

Ko kamfanin da ke can sunansa ɗaya da na gida, kamar MTN na Benin da na Gana, ko Airtel na Nijar, layin Nijeriya baƙo ne a wurinsa. Ana iya samun sassauci, amma sai an tambaya.

SHIRI TUN DAGA GIDA

Komawa ga alhazan Gamawa, abin da ya fi kowace dabara shi ne a zauna da dangi kafin tafiya a yi magana. A zaɓi mutum ɗaya a gida, ɗaya a Kurmi, su ne masu kira, sauran su ji labari daga bakinsu. A sa lokaci, a kuma tuna agogon Saudiyya yana gaban na Nijeriya da awa biyu: wanda ya rufe shago a Idi-Araba ƙarfe tara na dare ya ce bari ya gaida Baba, ƙarfe goma sha ɗaya ne a Makka, mutumin kuwa zai tashi tun kafin asuba ya kama hanyar Harami. Ranakun Mina da Arfa sabis yakan cushe saboda taron jama'a, batirin waya ya mutu, wurin caji ya yi wuya. Rashin samun mutum a waɗannan kwanaki ba dalilin tashin hankali ba ne, ba kuma dalilin buga layin gida sau ashirin ba.

A rubuta wa dattijo lambobin mutum biyu ko uku a takarda da manyan baƙaƙe, kowace da +234 a gabanta, a cire sifirin farko, domin lambar da aka ajiye da 080 ko 070 ba za ta shiga daga layin Saudiyya ba. A nemi wani matashi cikin ayarin ƙaramar hukumar, ko malamin bita, ko jami'in alhazai, a roƙe shi ya raka shi kantin kamfani ran da aka sauka. Da an sami sabuwar lamba a aiko da ita gida, a kuma rubuta ta a ba shugaban ɗaki.

Ran dawowa, da jirgi ya sauka Bauci, a cire layin Saudiyya, a mayar da kira da data kan na gida. Wanda ya zaɓi kamfani da hannu a can ya mayar da wayar ta riƙa zaɓa da kanta, in ba haka ba zai iso Azare yana cewa babu sabis. Layin baƙi na Saudiyya yana da wa'adi, yakan mutu bayan ɗan lokaci, saboda haka a gaya wa mutanen Agege su goge lambar nan mai +966, su koma wadda suka sani.